Kwamfutar Falo da Kwaikwayon Tsofaffin Na'urorin Wasa

Gabatarwa

A ranar 15 ga watan Yuli na shekarar 1983 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da wata 'yar na'urar wasa mai launin fari da ja, wadda ya raɗa wa suna Famicom. Bayan shekara biyu aka sauya mata riga, aka kai ta Amurka da sunan NES. Jona ta ake yi da akwatin talabijin, a cusa mata kaset, sai wasa ya bayyana. Daga baya wasu masana'antu na Gabashin Asiya suka riƙa ƙera kwafinta mai araha, wanda ya bazu a kasuwannin duniya har da na Afirka, kuma da yawa daga magidantan yau a kan irin wannan kwafi suka fara sanin wasan talabijin.

Yanzu Famicom ta haura shekara arba'in, kuma ita da ire-irenta suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Kafasito ya tsufa ya tsiyayar da ruwan da ke cikinsa a kan allon na'ura, batirin da ke riƙe da ajiyar wasa a cikin kaset ya ƙare, idon da ke karanta faifan CD ya dushe. Kamfanonin da suka yi su sun daɗe da daina ƙera kayan gyaransu. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin ɗari na wasannin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su kuma. Saboda haka hanyar da ta rage wa mafi yawan mutane ta ganin waɗannan wasanni suna motsi ita ce a koya wa kwamfutar zamani ta yi kamar ita ce tsohuwar na'urar. Wannan darasi zai yi bayanin yadda hakan ke yiwuwa, da yadda ake haɗa 'yar ƙaramar kwamfuta a ajiye ta gefen talabijin a falo domin wannan aiki. An fara da bayanin kimiyyar abin ne domin wanda ya fahimce ta ba zai ɓarnatar da kuɗinsa wajen sayen abin da bai dace ba.

Mene ne kwaikwayo?

Kowace na'urar wasa kwamfuta ce, sai dai an keɓe ta ga aiki ɗaya. A cikinta akwai ƙwayoyin lantarki, waɗanda masu gyaran rediyo da waya ke kira aisi. Babbarsu ita ce furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ke karanta umarni tana aiwatarwa. Kowane dangi na furosesa yana da harshensa. Furosesar NES 'yar dangin 6502 ce, ta Mega Drive ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1988, Motorola 68000 ce, ta PlayStation ta farko kuwa, wadda Sony ya fitar a 1994, daga dangin MIPS take. Kwamfutocin yau galibi harshen x86 ko na ARM suke ji. Idan aka miƙa musu wasan NES kai tsaye, tamkar an karanta wa Bafaranshe wasiƙar Japananci ne.

Manhajar kwaikwayo, wadda ake kira emuleta, ita ce tafinta tsakaninsu. Alal misali, a cikin kaset na NES ana iya samun lambobi biyu a jere, A9 da 05. Ma'anarsu a harshen 6502 ita ce: a ɗauki lamba 5 a riƙe. Idan 69 da 03 suka biyo baya, ma'anarsu a ƙara 3 a kan abin da aka riƙe. Idan kuma aka ga 8D, 00, 02, to a ajiye sakamakon a wani gurbi na ma'adana mai lamba 0200. Emuleta tana ware wani ɗan sashe na ma'adanar kwamfutar zamani ta mai da shi hannun da ke riƙe lamba, wani sashen kuma ta mai da shi ma'adanar NES, wadda duka-duka kilobayit 2 ce. Sai ta karanta A9, ta duba ma'anarsa, ta aikata abin da ainihin 6502 za ta aikata, ta wuce umarni na gaba. Wasan ba shi da hanyar gane cewa ba a gidansu yake ba.

Tushen wannan tunani ya girmi wasannin talabijin nesa ba kusa ba. A 1936 masanin lissafi ɗan Ingila Alan Turing ya nuna a takarda cewa ana iya samun na'ura guda wadda, idan aka ba ta cikakken bayanin wata na'urar lissafi, za ta yi duk aikin da waccan ke yi. A 1964 kuma kamfanin IBM ya fito da kwamfutocin System/360, waɗanda aka shirya wasunsu su iya kwaikwayon tsohuwar IBM 1401, don kada ma'aikatun da suka kashe dukiya wajen rubuta shirye-shirye su yi asararsu. Kwaikwayon na'urorin wasa ya bunƙasa ne a tsakiyar shekarun 1990. A 1997 wani ɗan Italiya mai suna Nicola Salmoria ya fitar da MAME, manhajar da ke kwaikwayon manyan akwatunan wasa na shaguna waɗanda ake jefa wa kwabo, kuma har yau ana ci gaba da aiki a kanta.

Tafinta iri biyu ne. Akwai mai fassara jimla bayan jimla, ko da an maimaita jimlar sau dubu sai ya sake fassara ta sau dubu. Wannan ya wadatar ga na'urori irin NES da Game Boy. Akwai kuma wanda idan ya fassara sakin layi guda sai ya rubuta fassarar ya ajiye, in an sake zuwa wurin ya ɗauko rubutunsa kawai. Wannan dabara ta biyu ita ake amfani da ita ga Nintendo 64 da PlayStation 2 da makamantansu, domin umarnin da suke zubowa a sakan guda ya fi ƙarfin tafinta na farko.

Matsalar lokaci

A nan ne wahalar aikin take. A cikin kowace na'ura akwai agogo mai bugawa, kuma bugu miliyan ɗaya a sakan shi ake kira megahaz ɗaya. Furosesar NES ta Amurka da Japan tana gudu a megahaz 1.79. Kwamfutar yau mafi araha ta ninka wannan ɗaruruwan sau. Mai karatu zai iya zaton ke nan kwaikwayonta wasan yara ne. Abin da ke dagula lissafin shi ne furosesa ba ita kaɗai ke aiki ba. Akwai aisi mai zana hoto, akwai sashe mai fitar da sauti, a wasu kasakasai ma akwai ƙarin aisi a cikin kaset ɗin kansa, kuma duk suna aiki ne a lokaci guda, kowa na sauraron kowa.

A kwatanta da ƙungiyar makaɗa: ga mai kalangu, ga mai kuntuku, ga 'yan amshi. Kowa da nasa aiki, amma kiɗan ba ya daɗi sai kowa ya shigo a daidai gaɓarsa. Emuleta mutum ɗaya ne da aka ce ya yi aikinsu duka. Dole ya taɓa kalangu kaɗan, ya ruga ya taɓa kuntuku, ya yi amshi, ya dawo, da saurin da mai sauraro ba zai ji giɓi ba. Gwargwadon yawan kai-komon da yake yi, gwargwadon kamar da kiɗan zai yi da na asali, kuma gwargwadon gajiyar da zai sha.

A NES, duk bugu ɗaya na furosesa aisin hoto yana zana ɗigo uku. Tsohuwar talabijin mai tudun baya tana zana hoto ne layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa, sau 60 a sakan, kuma furosesa na samun bugu kimanin 29,780 a kowane hoto. Masu rubuta wasanni sun san waɗannan alƙaluma kamar yunwar cikinsu, suka kuma yi dabaru da su. A wasan Super Mario Bros. na 1985, wanda girmansa kilobayit 40 ne kacal, rubutun maki da lokaci yana tsaye cik a saman allo alhali ƙasa na tafiya. Yadda aka yi shi ne furosesa tana jira har zanen hoto ya iso wani ɗigo da aka sa alama, sannan nan take ta sauya umarnin tafiyar allo. Emuletar da ta kuskure wannan lokaci sai saman allon ya riƙa rawa, ko wasan ya sandare gaba ɗaya.

Na'urar Super Nintendo, wadda ta fito a Japan a 1990, ta ba da misali mafi fito da wannan fili. Gudun furosesarta bai wuce megahaz 3.58 ba. Emuletocin ƙarshen shekarun 1990, irin su ZSNES, suna iya tafiyar da wasanninta a kwamfutocin wancan zamani masu 'yan ɗaruruwan megahaz, amma da yanke da ƙiyasi, da kuma faci na musamman ga shahararrun wasanni. A 2011 marubucin emuletar bsnes ya bayyana cewa kwaikwayonta ba tare da yanke ba yana buƙatar kwamfuta mai kimanin megahaz dubu uku. Daga misalan da ya kawo akwai wasan Air Strike Patrol, inda inuwar jirgin sama ke bayyana a ƙasa tana taimaka wa mai wasa ya saita bom. Ana zana inuwar ne ta hanyar sauya hasken allo a tsakiyar layi, don haka emuletar da ke lissafi layi-layi ba ta nuna ta sam, kuma mai wasa ba zai san an rage masa komai ba, sai dai ya ga wasan ya yi masa wuya.

Zaɓen na'ura

Tambayar farko ga mai son haɗa kwamfutar falo ita ce: wasannin wane zamani yake nufi? Amsar ita ke yanke girman na'urar da kuɗin da za a kashe.

Idan abin da ake so bai wuce Atari 2600 ta 1977, da NES, da Game Boy, da Mega Drive, da Super Nintendo, da PlayStation ta farko ba, to Raspberry Pi ta isa. Wannan kwamfuta ce a kan allo guda, girmanta kamar katin banki, wadda wata gidauniya ta birnin Kambirij a Ingila ta fara fitarwa a 2012 a kan dala 35, da nufin koya wa yara ilmin kwamfuta. Samfuri na 4, na shekarar 2019, yana da furosesa mai ƙwaƙwalwa huɗu a gudun megahaz 1,500. Samfuri na 5, na 2023, ya kai megahaz 2,400. Na 4 yana ɗaukar duk na'urorin da aka lissafa cikin sauƙi. A wajen Nintendo 64 da Dreamcast sai ya fara nishi, wani wasan ya tafi daidai, wani ya riƙa tsinkewa. Na 5 ya fi shi ƙoƙari a nan.

Wanda kuwa ransa ke kan PlayStation 2 ta shekarar 2000 ko GameCube ta 2001, gara ya nemi ƙaramar kwamfuta mai furosesar x86. Irin 'yan ƙananan kwamfutocin ofis da aka yi amfani da su, kamar Dell OptiPlex Micro da Lenovo ThinkCentre Tiny da HP EliteDesk Mini, sun dace ƙwarai. Girmansu kamar littafi mai kauri, suna zuwa da akwatinsu da fankarsu da cajarsu, kuma sau da yawa idan aka haɗa kuɗin Raspberry Pi da na akwati da caja da memori, sai a tarar tsohuwar kwamfutar ofis ba ta fi ta tsada ba, ga ta kuma da ƙarfi. A duba bayanta kafin a biya, domin wasunsu ba su da kafar HDMI sai DisplayPort, wadda ke buƙatar wayar sauyi kafin ta shiga talabijin.

Abin lura shi ne shekarar na'ura ba ita kaɗai ke nuna wuyar kwaikwayonta ba. Sega Saturn sa'ar PlayStation ce, shekara guda suka fito, amma tana da manyan furosesa biyu da aisin hoto biyu, wato makaɗanta sun fi yawa, don haka ta fi cin ƙarfin kwamfuta sosai. Haka nan yawan ma'adanar wucin gadi ba ya ƙara wa tsohon wasa gudu. Gigabayit 2 zuwa 4 sun wadatar ga tsofaffin na'urori. Abin da ke da tasiri shi ne saurin ƙwaƙwalwa guda ta furosesa, tunda kai-komon da aka yi bayani a baya ba ya rabuwa da kyau tsakanin ƙwaƙwale da yawa.

Girka manhaja

Kwamfutar falo ba a son ta da allon rubutu da linzami. Ana so ne a kunna ta, jerin wasanni ya fito, a zaɓa da hannun wasa daga kan kujera. Akwai manhajoji na kyauta da aka gina a kan Linux domin wannan: RetroPie, da Recalbox, da Lakka, da Batocera. Dukkansu suna dogara ƙwarai da wata manhaja mai suna RetroArch, wadda ke tara emuletoci da dama a ƙarƙashin inuwa guda, ta yadda saitin hannu da na hoto zai zama iri ɗaya a ko'ina. Ga mai farawa Batocera ta fi sauƙi, domin tana aiki a Raspberry Pi da kwamfutar ofis duka, kuma tana iya tashi daga filash ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba.

Ana sauko da kunshin manhajar wanda ya dace da samfurin na'ura, domin na Raspberry Pi 4 daban, na 5 daban, na x86 daban. Kunshin ba a kwafa shi kamar yadda ake kwafar waƙa. Rubuta shi ake yi a kan memori ko filash da wata manhaja irin balenaEtcher ko Raspberry Pi Imager, kuma wannan rubutu yana shafe duk abin da ke kan memorin. A nan ake tafka asara: mutum ya zaɓi faifan da hotunan iyalinsa suke a maimakon filash. Ya kamata a cire duk wani faifai da ba a buƙata kafin a fara. Memori mai gigabayit 32 ya isa ga wasannin kaset, tunda kaset mafi girma na Super Nintendo megabayit 6 ne, na Nintendo 64 kuwa 64. Wasannin faifai su ke cin wuri, CD ɗaya na iya kai megabayit 700, DVD kuma gigabayit 4.7. A yi hattara da jabun memori wanda aka rubuta masa girman da ba shi da shi. Manhajar H2testw tana tona asirinsa kafin a dogara da shi.

Raspberry Pi tana tashi daga memori da kanta. Kwamfutar ofis sai an nuna mata: a danna F12 a Dell da Lenovo, ko F9 a HP, daidai lokacin kunnawa, a zaɓi filash. A tashin farko manhajar za ta faɗaɗa sashen ajiya ta cike memorin, sannan ta nemi a saita hannun wasa, maɓalli bayan maɓalli. A ƙarshe za ta nemi wani maɓalli na musamman wanda ake haɗawa da wasu domin ba emuleta umarni. Haɗa shi da Start shi ke fitar da mutum daga wasa. Wanda ya tsallake wannan mataki zai shiga wasa ya rasa ƙofar fita. Daga nan sai a zuba wasanni a cikin jakunkunan da aka tanada, kowace na'ura da tata, kamar nes da snes da megadrive da psx, ko dai ta filash ko ta hanyar sadarwar gida.

Akwai wata gajiya da emuleta ke bayarwa wadda na'urar asali ba ta da ita. Tunda dukkan na'urar ta zama lambobi a ma'adana, ana iya kwafe waɗannan lambobi a kowane lokaci a ajiye, gobe a mayar da su, wasa ya ci gaba daga daidai inda aka tsaya, ko da Mario yana tsakiyar tsalle ne.

Wasannin kansu da doka

Emuleta gida ne ba kowa a ciki. Wasan yana zuwa ne a matsayin kwafin abin da ke cikin kaset, wanda ake kira ROM, ko kwafin faifai. Wasu na'urori, irin PlayStation da Saturn, suna kuma da wani ɗan shiri na cikin gida da ake kira BIOS, wanda mafi yawan emuletocinsu ke nema.

A Amurka kotuna sun duba wannan batu. A shekarar 2000 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba kamfanin Connectix gaskiya a kan Sony, inda ta ce nazarin BIOS domin ƙera emuletar PlayStation bai saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ba. Su kansu kamfanonin suna sayar da kwaikwayo. NES Classic Edition ta 2016, mai wasanni 30, 'yar kwamfutar ARM ce mai ɗauke da emuleta, PlayStation Classic ta 2018 kuwa da emuletar kyauta mai suna PCSX ReARMed ta yi aiki. Amma wasannin dukiyar masu su ce, kuma tsufa bai cire musu haƙƙi ba. A 2018 shari'ar Nintendo da masu rumbun LoveROMs ta ƙare da biyan fiye da dala miliyan 12. A 2024 masu emuletar Yuzu, wadda ke kwaikwayon Switch tun tana kasuwa, suka amince su biya dala miliyan 2.4 su rufe aikin. Akwatunan da ake tallatawa cike da dubban wasanni, kusan dukkansu kwafi ne marar izini, kuma yawanci maimaici ne da tarkace.

Hanyoyi masu tsabta suna nan. Akwai na'urori irin Retrode da ke karanta kaset ɗin da mutum ya mallaka, kuma faifan PlayStation ana iya kwafe shi da kwamfuta mai gurbin CD, ko da yake hukuncin kwafin kai ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Kamfanin GOG yana sayar da tsofaffin wasannin DOS haɗe da emuletar DOSBox. Akwai kuma masu rubuta sababbin wasanni domin tsofaffin na'urori, kamar Micro Mages na 2019, wanda aka matse cikin kilobayit 40 na NES, ana kuma sayar da ROM ɗinsa.

Talabijin da jinkiri

Mutane da yawa sukan gama haɗa komai, su fara wasa, su tarar ramin da suke tsallakewa ido rufe suna yara yanzu faɗawa suke yi. Sai su ɗora laifin a kan shekaru. Sau da yawa laifin na talabijin ne. Tsohuwar talabijin tana zana saƙo a lokacin da ya iso. Ta zamani kuwa takan riƙe hoto ta gyara launinsa, ta sassanta motsinsa, sannan ta nuna. Hoto ɗaya a wasa mai hoto 60 a sakan yana ɗaukar milisakan 16.7, wato kashi 16.7 cikin dubu na sakan. Akwai talabijin da ke ƙara jinkirin milisakan ɗari, wanda ya yi daidai da hoto shida. Mai kallon fim ba zai lura ba, amma mai wasa yana amsa abin da ya riga ya wuce ne. Maganin farko shi ne a shiga saitin talabijin a kunna yanayin wasa, wanda ke kashe waɗannan gyare-gyare. Na biyu, hannu mai waya ya fi tabbas a kan na Bluetooth. Na uku, tun 2018 RetroArch na da wata dabara ta lissafa hoto ɗaya ko biyu na gaba a ɓoye domin rage jinkirin da ke cikin wasan kansa, sai dai tana ninka aikin furosesa.

Ɗalibi na iya auna jinkirin da kansa. A sami waya mai ɗaukar bidiyo hoto 240 a sakan, a ɗauki yatsa da allon talabijin tare, a ƙirga hotuna daga lokacin da maɓalli ya nutse zuwa lokacin da ɗan wasa ya motsa, a ninka da 4.2, sai a sami milisakan. A maimaita sau goma a ɗauki matsakaici, sannan a sauya saiti ɗaya tak a sake gwadawa.

Sai kuma siffar hoto. An zana waɗannan wasanni ne domin allo mai faɗi 4 da tsayi 3, na yau kuwa 16 da 9 ne. Idan aka ja hoton ya cika allo, ƙwallo zai koma ƙwai. Daidai shi ne a bar baƙin fili dama da hagu. Hoton NES layi 240 ne. Allo mai layi 720 ya ninka shi sau 3 cif, mai layi 2,160 sau 9 cif, amma mai layi 1,080 sau huɗu da rabi ne, don haka wasu layuka za su fi wasu kauri, a riƙa ganin kyarma idan allo na tafiya sama ko ƙasa. Akwai saitin da ke tilasta ninki cikakke, ya tsaya a 960 ya bar ɗan baƙi sama da ƙasa. Haka kuma masu zanen wancan zamani sun yi la'akari da dishi-dishin tsohuwar talabijin. Ruwan da ke kwarara a wasan Sonic na 1991 layuka ne a tsaye, waɗanda wayar bidiyo ta da ke gauraya su su zama kamar ana hango abin da ke bayan ruwa. A allon zamani layukan ne ke fitowa ƙuru-ƙuru, sai an kunna matatar hoto mai kwaikwayon tsohon allo. Abu ɗaya da ba ya dawowa shi ne tsohuwar bindigar harbin agwagwa ta NES, domin aikinta ya dogara da saurin zanen talabijin mai tudun baya.

Akwai bambancin yanki ma. Amurka da Japan sun yi amfani da tsarin NTSC mai hoto 60 a sakan. Ingila da Nijeriya PAL suka bi, Faransa da Nijar kuma SECAM, dukansu hoto 50. Wasanni da yawa ba a daidaita su ba da aka kai su Turai, sai gudunsu ya ragu da kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan Sonic ya yi sanyi. Wanda ya taso da na'urar Turai zai ji kamar an sa wa kwafin Amurka gaggawa, alhali shi ne gudun da mawallafan suka nufa. A talabijin mai hoto 60 kwafin NTSC ya fi tafiya sumul.

Wuta, zafi da ƙura

Raspberry Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3, samfuri na 5 kuwa cajarsa ta kamfani amfiya 5 ce. Cajar waya ta gama-gari takan kasa, kuma idan wuta ta yi ƙasa na'urar na rage gudunta da kanta, wasa ya riƙa tsinkewa, mai shi ya yi ta sauya emuleta a banza. Haka take yi idan zafin furosesa ya kai digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Salshiyas. A garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara kan haura digiri 40, ƙarfen shan zafi da fanka wajibi ne, kuma kada a rufe na'urar a cikin durowar talabijin. Ƙurar hunturu takan toshe fanka, don haka a riƙa buɗewa ana hurewa, bayan an cire wuta.

Ɗaukewar wuta ita ce babbar abokiyar gabar memori. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar rubutu a kansa, ajiyar wasa na iya lalacewa, wani lokaci ma manhajar ta ƙi tashi. Batocera ta rage wannan haɗari da yake ainihin tsarinta a kulle yake ba a rubutu a kansa, amma sashen ajiya a buɗe yake. Kashe na'ura daga jerin umarninta ake yi, a jira ta mutu, kafin a zare waya. Raspberry Pi 4 ba ta kai wat 10 ba ko tana cikin aiki, don haka fawa bank mai iya ba da amfiya 3 zai riƙe ta idan wuta ta ɗauke, muddin irin wanda ba ya yanke fitar wuta ne sa'ad da aka cire shi daga caji. Kwamfutar ofis kuwa sai UPS ko inbata. Jakar saves, inda ajiyar wasanni take, da jakar bios, a riƙa kwafe su a wani filash daban duk ƙarshen wata.